Magajin Rinjau Tsakanin Sarakuna Biyu

A shekarar da Sarkin Zangarma Baura ya rasu, damina ta sauka da ƙarfin da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Gulbin Sauna ya cika ya batse, ya shafe mashigar da ke tsakanin Birnin Zangarma da ƙaramin garin Rinjau, har jirgin masunta ma sai da shahada yake ƙetarewa.

Rinjau ba wani gari ba ne a ido. Ganuwarta gajera ce, ƙofofinta biyu, kasuwarta ba ta kaiwa la'asar. Gulbi ya tare ta ta gabas, tsauni ya tare ta ta yamma da arewa, hanya ɗaya ce take fita kudu. Amma a tsakiyar garin akwai wani kango da ake kira Tsohuwar Fada, a cikinsa akwai faffaɗan baƙin dutse da rijiya a gefensa. Mutanen Rinjau sun ce a nan Tunau, kakan sarakunan Zangarma, ya fara kafa mulkinsa, a kan dutsen nan yake zaune aka fara faɗuwa aka gaishe shi, daga baya ne ya ƙetare gulbi ya gina Birni. Mutanen Birni kuwa cewa suke yi zango ne kawai, ruwa ya tsare Tunau a wurin ya yi damina ɗaya ya wuce. An daɗe ana wannan gardama ba wanda ya ka da wani. Sai dai duk sarkin da aka naɗa a Birni, ya yarda ko bai yarda ba, yakan zo Rinjau. Magajin gari ya wanke masa ƙafafu da ruwan rijiyar, ya zaunar da shi a kan dutsen, ya jero sunayen sarakuna tun daga Tunau har kansa. Albarkacin wannan ne ba a ɗibar samarin Rinjau zuwa yaƙi, ba a kuma ɗora musu hakimi daga Birni.

Magajin gari a lokacin shi ne Nomau ɗan Arzika, dattijo mai sanyin magana wanda furfura ta riga ta cinye gemunsa. Mahaifinsa ne ya zaunar da Baura. Shi kuwa tun da ya gaji rawanin yake jiran tasa ranar, yana bitar sunayen sarakunan a zuci don kada ya yi tuntuɓe a gaban jama'a. Da labarin rasuwar ya iso ya sa aka share Tsohuwar Fada, aka yashe rijiya, aka yi wa zaure sabon yaɓe. Sai ga shi maimakon sarki, jakada ne ya ƙetaro.

Wambai ne da kansa, riga a jiƙe har ƙugu. Bai yarda ya huta ba, ya ce a kai shi zaure. Bayan gaisuwa ya gyara zama ya ce, "Magaji, Sarki Gagare ɗan Baura ya gaishe ka. Ya ce a faɗa maka an naɗa shi a fadar ubansa, a gaban Galadima da Madaki da Limamin Birni, naɗin kuma ya cika, ba ya bukatar wani wanki. Ya ce da zarar gulbi ya sauka ka zo Birni, ka tsaya a ƙofar fada ka faɗa da bakinka cewa Rinjau zango ce. In ka yi haka rawaninka yana nan a kanka, mutanenka su zauna lafiya. Magana ta biyu, ƙanensa Ciroma Mantau ya gudu ƙasar Kurmasa, an ce ya samo mayaƙa. In ya zo ƙofarka ya tarar da ita a rufe. In ka buɗe masa, Zaki ya ce zai zo da kansa, kuma ba zai bar abin da za a sake gardama a kansa ba."

Nomau ya ji kamar an zuba masa ruwan rijiyar a ƙeya, amma fuskarsa ba ta nuna ba. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Na ji saƙo, Wambai. Sai dai magana irin wannan ta fi ƙarfin bakin mutum ɗaya, sai na tara dattawa."

Da ya raka shi bakin ruwa, Wambai ya rage murya ya ce, "Ni da kai mun san juna tun zamanin marigayi. Kada ka yi wa wannan sarki irin jan ƙafar da ake yi wa ubansa. Ba halinsu ɗaya ba."

Ba a daɗe da tafiyar Wambai ba maharba suka dawo daga daji da rana tsaka, ba nama, suka ce sun ga runduna a hanyar kudu, dawaki da 'yan ƙasa, da tutar Kurmasa a gaba. A yinin nan kuma shamuwar da ke sheƙa a kan rimin Tsohuwar Fada ta tashi gaba ɗaya ta bar 'ya'yanta a sheƙa, ga damina ko rabi ba ta yi ba. Mata suka fito ƙofar gida suna kallon sama.

Magaji ya tara majalisa bayan azahar. Liman Zakari ya zauna a damansa. A hagu Iya Tababa ce, gwaggonsa, wadda makullin Tsohuwar Fada yake hannunta, tsohuwa mai kaifin harshe da ko shi Magaji yake shakka. Sarkin Baka Jatau ya tsuguna kusa da ƙofa, kwarinsa a jingine. Nomau ya maimaita musu saƙon Birni, ya ƙara da labarin rundunar, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani.

Liman ya fara. "Allah ya daɗe da ran Magaji. Ni dai abin da na sani, jinin mutum ɗaya ya fi wannan gardama nauyi a wurin Allah. Kakanninmu sun ce birni, kakanninsu sun ce zango, ba wanda ya ga Tunau a cikinmu. Mu rufe ƙofa kamar yadda aka umarce mu. In ruwa ya sauka ka je ka faɗi abin da ake so ka faɗa. Tsuntsayen nan da suka tashi, gargaɗi ne mu bar abin da ba za mu iya tsarewa ba."

Iya ta kaɗa kai. "Malam ya karanta littafi, amma bai karanta Birni ba. Ranar da Magaji ya ce zango, kafin kaka za a zo a jera samarinmu a kai su bakin daga, a aiko mana wani bawan sarki ya zauna a wannan zaure. Me muke da shi ban da dutsen nan? Ƙarfe muke da shi ko gishiri? Ba zango aka ce mini ina tsaro ba ranar da aka ba ni makulli. Ciroma shi marigayi ya so, kowa ya sani. Ga shi ya zo inda ɗan'uwansa ya raina. A buɗe masa, a zaunar da shi. Shamuwa kuwa ta tashi ne don ta ji ana shirin musun gidan da take kwana."

"Iya, a gafarce ni," in ji Jatau. "Na ga mutanen nan da idona. Ba don son Ciroma suka baro Kurmasa da damina ba. An yi musu alkawarin wani abu, kuma Ciroma ba shi da komai sai rigar jikinsa. In muka buɗe, rumbunanmu ne ladansu. Bayan sun tafi Sarki Gagare ya zo ya tarar da mu tsirara."

Nomau ya tambaye shi ko ganuwa za ta riƙe. Jatau ya ce ta gabas da ta yamma ba laifi, amma ta kudu ta sha ruwa, mutum zai iya tura yatsa a jikinta. Ya tambaya ko za a iya fitar da mata da yara. Jatau ya ce ta gulbi ba hali, jiragen garin ba su wuce na kamun kifi ba. Ta tsauni kuwa akwai turbar awaki, amma mai goyo ba za ta hau ba, tsoho ma haka. Nomau ya duba ko'ina a zuciyarsa bai ga ƙofa ba. In ya bi Liman ya kashe garin da bakinsa, kuma wannan ba zai kori rundunar da ke hanya ba. In ya bi Iya ya kira wuta daga gabas.

A ƙarshe ya ce, "Ba zan ce zango ba, ba kuma zan zaunar da wanda masu zaɓen sarki ba su kawo mini ba. A rufe ƙofofi. A shigo da dabbobi. Mu jira abin da Allah zai yi."

Iya ta ce, "Wannan ba shawara ba ce, ɗana, tsayawa ce a tsakiyar hanya."

"Na sani, Iya. Nuna mini gefen da babu rami in koma."

Iya ta ɗauki makullinta ta fita.

Kashegari da hantsi runduna ta sauka a gonakin kudu. Aka aiko cewa Ciroma yana son ganin Magaji. Nomau ya fita da ƙafa, ba makami, ya tarar da shi a gindin wata tsamiya. Mantau saurayi ne dogo, tafiya ta rame shi, amma yana nan da kwarjinin gidansu. A bayansa wani ƙaton mutum yake tsaye mai tabo a goshi, shi ne Ƙaura Dambo, shugaban mayaƙan Kurmasa.

Mantau bai bari dattijon ya faɗi ya gaishe shi ba, ya kama hannunsa. "Baba Magaji, ban zo cin garinka ba. Kai shaida ne ni mahaifina ya ba Ciroma, ni yake zaunarwa a damansa. Yayana ya rufe ƙofar fada gawa tana ciki, ya sa takobi a gaban masu zaɓe. Yanzu ya ce garinku zango ne. Ni kuwa na ce daga nan mulki ya taso, na zo in karɓe shi inda kakannina suka karɓa. Wa ya fi ni gaskata maganarku a ƙasar nan?"

"Babu, ranka ya daɗe," in ji Nomau, kuma har cikin ransa ya faɗa. "Amma abin da na gada shi ne a zaɓa a Birni, a kawo mana, mu zaunar. Ban taɓa jin an kawo sarki ta ƙofar kudu da mashin wata ƙasa a bayansa ba. In na yi maka yau, gobe duk ɗan sarkin da ya yi fushi ya san hanya."

Dambo ya yi dariya. "Ciroma, tsohon nan so yake ya kwana lafiya da kowa. Ka bari mu buɗe maka ƙofar."

Mantau ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba. Ya ce, "Zan jira, Baba. Amma ka sani ba ni kaɗai nake jira ba, mutanen nan kuma ba nawa ba ne." A nan Nomau ya gane cewa yaron ma a ɗaure yake, igiyarsa ce kawai ta fi tasu tsawo.

Haka aka shiga zaman jira. Daga kan ganuwa mutanen Rinjau suna kallo ana yanke geronsu da ya fara fid da kai ana zuba wa dawaki. Shanu da awaki suka cika lunguna, garin ya zama taɓo da wari, zazzaɓi ya shiga yara. Itacen girki ya ƙare aka koma cire dannin gidaje. Wasu samari suka gwada turbar tsauni, aka harbo ɗaya, sauran suka dawo. Aka fara maganganu a bakin rijiyoyi, wasu suna cewa taurin kan Magaji ne, wasu suna cewa tsoronsa ne. Magaji ya ji duka. Kowace safiya yakan hau ganuwar gabas ya dubi gulbi, ya daɗe a tsaye, bai san abin da zai roƙa ba, ya sauka ne ko kada ya sauka.

Da ruwan sama ya fara ja da baya, sai ga tutocin Birni a wancan hayi. Rundunar Gagare ta sauka a bakin gaɓa, ta cika ta har inda ido ya tsaya, tana jiran mashiga ta bayyana. Duwatsun tsakiyar gulbi suka fara leƙowa. Dambo ma ya gani, ya kuma daina sauraron Ciroma.

Da sassafe aka busa ƙaho a kudu. 'Yan ƙasan Kurmasa suka taho a jere, garkuwoyin fata a kansu, a ƙarƙashi wasu suna ɗauke da gatura da sungumai. Jatau ya baza maharbansa a kan ganuwa, kibau masu dafi suka yi ta sauka, duk wanda ƙafarsa ko kafaɗarsa ta fito sai ya faɗi. Mata suka riƙa miƙo duwatsu da tafasasshen ruwa. An kori 'yan Kurmasa sau ɗaya, an kore su sau biyu, har gawawwaki suka tare ramin ganuwa. Amma masu haƙa ba su daina ba, ƙasar kuwa ta riga ta jiƙu. Rana tana tsaka wani yanki na ganuwar ya zube gaba ɗaya da mutanen da ke kansa. Jatau ya diro ya tsaya a bakin gibin da mutanensa, kibau sun ƙare suka koma wuƙa da gora. Nomau yana hango shi daga bakin kasuwa lokacin da mashi ya shige shi. Bai faɗi nan take ba, sai da ya jingina da abin da ya rage na ganuwar, sannan ya sulale.

Kafin la'asar an tattara mutanen gari an cusa su a Tsohuwar Fada, mayaƙa sun kewaye su. Ana jin ƙarar fasa rumbuna daga kowace kusurwa. Mantau ya shigo, ya kasa haɗa ido da kowa. Dambo ya sa aka fito da mazan da suka yi faɗa a gibin aka gurfanar da su, ya ce wa Magaji, "Ga tulu, ga rijiya. In ka ɓata mana lokaci zan fara yanka su daga wannan gefe."

Nomau ya dubi Iya. Ta miƙa masa guga. Ya ja ruwa, ya durƙusa ya wanke ƙafafun Mantau, ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Sunayen da ya yi shekaru yana bita suka fito daidai, ko ɗaya bai ɓace ba, tun daga Tunau har Baura, ya rufe da Mantau ɗan Baura. Ya taɓa zaton ranar da zai faɗe su gari zai ɗauki guɗa. Abin da ya ji kawai kukan wata mata ne da aka kashe wa miji. Dambo ya sa aka fito da tambarin Tsohuwar Fada, wanda ba a kaɗawa sai an zaunar da sarki, aka kaɗa shi a kan ganuwar gabas, don na wancan hayi su ji.

Da gari ya waye babu Dambo babu mutanensa. Sun ɗora hatsi da dabbobi sun kama hanyar kudu, sun bar sabon sarki da 'yan tsirarun da suka biyo shi tun daga Birni. Mashiga kuwa ta fito, ruwa iya ƙirji.

Nomau ya ce masa, "Ranka ya daɗe, hanyar kudu a buɗe take. Ka bi su."

Mantau ya ce, "Jiya ka kira sunana bayan na ubana, Baba. Ba zan kai shi Kurmasa a yi bara da shi ba." Ya sa aka buɗe ƙofar gabas ya fita.

Magaji ya hau ganuwa. Ya ga mutane suna shiga ruwa daga wancan hayi, kowa da mashi a sama, sarki a tsakiyarsu. Amma ya ga wani abu da ya ɗaure masa kai: mafi yawan rundunar ba ta motsa ba. Tutar Madaki tana nan kafe a gaɓa, haka ta hakimai da dama, mutanensu a tsaye suna kallo. Faɗan bakin ruwa bai daɗe ba. Mantau da mutanensa sun tare na farkon da suka hauro, sun mai da wasu cikin gulbi, sannan yawa ya rinjaye su. Sai da aka ga Mantau ya faɗi matacce, tutocin da suka tsaya suka fara ƙetarowa ɗaya bayan ɗaya.

Aka sake tara mutanen Rinjau a Tsohuwar Fada, wannan karo bayin Sarkin Zangarma ne suka kewaye su. Gagare ya shigo da laka har gwiwa, kakkauran mutum marar yawan magana. Galadima da Madaki da Wambai suka biyo shi, hakimai suka cika kangon. Ya tsaya a gaban dutsen ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juyo.

"Kai ne Nomau ɗan Arzika?"

"Ni ne, Allah ya ba ka nasara."

"Na aiko maka da magana biyu, ka karya ɗaya. Saura ɗaya. Ga manyan ƙasa a tsaye, ka hutar da kanka tafiya Birni. Mene ne garin nan?"

Nomau ya gane hanyar da aka bar masa. In zango ne, to jiya ba a yi komai ba, wani gajiyayye ne ya zauna a kan dutse, ba wanda za a kashe a kai. In birni ne, to ya naɗa sarki a kan sarki, shi da garinsa sun ci amanar fada. Ya dubi matan da ke rungume da yara masu zazzaɓi, ya dubi mazan da suka rage.

"Zango ne, ranka ya daɗe. Ruwa ya tsare Tunau a nan, ya yi damina ɗaya ya wuce. Dutsen nan dutse ne kamar kowane dutse."

Iya Tababa ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Liman ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe.

Gagare ya kaɗa kai. Sannan ya ce, "Da ka faɗi haka ranar da Wambai ya zo, da na karɓa da murna. Yau ba zan karɓa ba. Jiya da aka kaɗa tambarin nan, Madakina ya sauka daga kan dokinsa. Da safe na ce a shiga ruwa, hakiman da suka ci gishirin ubana suka tsaya suna gyara linzami. Da bayin gidana kaɗai na ƙetare. Dutsen da zai tsayar mini da runduna a bakin gulbi ba kamar kowane dutse ba ne." Madaki ya zube ƙasa, Sarki bai ko dube shi ba. Ya ɗaga murya. "Ku shaida, ku kai kowace kasuwa. Rinjau ce birnin farko na Zangarma, a nan Tunau ya fara mulki. Wanda ya sake cewa zango, harshensa ne zai biya. Ƙanena Mantau ya yi sarauta ta yini ɗaya, a yi masa sutura ta sarakuna, ni ne magajinsa. Magaji, ja ruwa."

Nomau ya miƙe da ƙyar. Ya ja ruwa ya wanke lakar gulbi daga ƙafafun Gagare, ya zaunar da shi, ya jero sunayen, ya sa Mantau bayan Baura, ya rufe da Gagare. Hakimai suka zube gaba ɗaya suna gaisuwa. Iya ta buɗe fuskarta, hawaye yana bin tamojinta. Abin da iyaye da kakanni suka mutu suna nema, ga shi an faɗa a gaban duk ƙasa. Har wasu daga cikin mutanen gari sun fara yi wa juna barka.

Daga kan dutsen Sarki ya sake magana. "Wuri mai wannan daraja ba a barinsa a bayan ganuwar da sungumi yake rushewa, ba a kuma barinsa a hannun talakawan da za a iya sa wa wuƙa a wuya. Wambai, a toshe ƙofar kudu, a ɗaga ganuwa ta kai ta Birni, a zuba bayina a ciki. Mutanen gari su tattara kayansu su bi ni, za a yanka musu unguwa a Birni. 'Ya'yan Magaji maza za su zauna a fadata. Shi Magaji da Iya su zauna su tsare gidan kakana. Na ɗaukaka rawaninsa sama da na kowane hakimi, abincinsa da suturarsa daga fada. Amma daga yau ba ya taka wajen ganuwar nan, shi da duk wanda ya gaje shi."

Masu barka suka saki hannun juna. Wambai ya matso ya taɓa gwiwar hannun Nomau a hankali. Dattijon ya faɗi ya ce, "Godiya muke, Zaki. Allah ya ƙara girma."

Bayan an binne matattu aka fara ƙaura. Magina sun riga sun kama aiki a kudu, ana jin bugun ƙasa har cikin gari. Mutane suka bi ta ƙofar gabas a jere, da tabarmi da tukwane da turame a ka, kowa ya zo wucewa sai ya rusuna wa Magaji. Liman ya riƙe hannunsa ya daɗe yana addu'a. Na ƙarshe su ne 'ya'yansa da jikokinsa. Ya bi bayansu yana ba babban ɗansa saƙonni, yadda zai kula da uwarsa, da wanda zai nema in ya shiga Birni, bai lura ƙafarsa ta kai bakin ƙofa ba.

Shugaban masu tsaro ya sha gabansa, ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa, gaisuwar da ba a taɓa yi wa wani Magajin Rinjau ba. Sannan ya miƙe ya gitta mashinsa.

"Allah ya ja zamaninka, nan ne iyaka."

Nomau ya tsaya. Sauran maganar da yake yi wa ɗansa sai da ya ɗaga murya ya ƙarasa ta, har suka gangara gaɓa suka shiga ruwa. Da aka turo ƙyauren ya juya, ya bi ta kasuwa ya nufi Tsohuwar Fada, ba wanda ya gamu da shi a hanya.